Baffana da Damin da Aka Ƙirga Sau Uku

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, kowa a ranar da aka rubuta masa. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, Baffa, wan mahaifina, ya cika a gidan da aka haife shi, a ƙauyenmu na wajen Kunci, shekarunsa sun kusa casa'in.

Na halarci zaman makoki da yawa, amma ban taɓa ganin mai hayaniya irin nasa ba. Sau biyu Liman yana roƙon jama'a su sassauta murya. Mutum zai shigo a natse, ya durƙusa, ya ce Allah Ya jiƙansa, amma kafin a gama shafa addu'a sai wani ya ce, "Kun tuna ranar da…" nan take rumfar ta kaure da dariya. An kawo wani tsoho daga Hayi, ƙauyen da ke ƙetaren rafinmu, a bayan babur. Kunnensa ya yi nauyi, saboda haka da ƙarfi yake magana. Ya ce, "Mutumin nan ya zage ni a tsakiyar kasuwa, a gaban surukina, kuma wallahi da gaskiyarsa!" Ya faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

A rana ta uku mai unguwarmu na yanzu ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce marigayi shi ne na ɗaya a garin nan, kuma tun farko duk gari yana bayansa. Bai rufe baki ba muryar Gwaggo, autar su Baffa, ta fito daga bayan zana: "Ƙarya ba ta da kyau a gidan mutuwa! Ubanka ne ya hana a gaishe shi har wata biyu!" Mai unguwa ya koma ya zauna.

Maganar Gwaggo ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na lura an fara goge tarihin Baffa ana yi masa sabon shafe tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kuma masu shafen 'ya'yan waɗanda suka tsangwame shi ne. Ni kuwa na koyar shekaru masu yawa har na yi ritaya, ban kuma taɓa zubar da littafin da na rubuta ba. Abin da zan faɗa yana rubuce tun lokacin da ya faru, har da nawa laifin.

Akwai masu cewa Baffa ya ƙi jinin gasa da jeri. Ba su san shi ba. Ban taɓa ganin mai son gasa kamarsa ba. Yakan jera jakunansa bisa sauri, ya jera kunyoyin da muka yi a gona bisa miƙewa, ya sanar da sakamako da babbar murya kamar mai shela. Har rijiyoyin gari huɗu ya taɓa jerawa bisa daɗin ruwa. Sai dai ya sa Gwaggo ta kawo masa ruwan a ƙoƙuna iri ɗaya, ba tare da ta faɗa masa wanne ne na wace rijiya ba. Da ya ɗanɗana, rijiyar ƙofar gidanmu, wadda ya shekara yana yabo, ta zo ta ƙarshe. Ya yi ta ƙyaƙyata dariya, ya bi gari yana ba da labarin da kansa.

A shekarar da na fara koyarwa a firamaren garinmu, ya zo ranar ba da sakamako ya tsaya a bayan iyaye. Na kira na ɗaya aka tafa, na kira na biyu aka ɗan tafa. Bayan an watse sai ya tare ni.

"Malam ƙarami," haka yake kirana in zai tsokane ni, "ta ɗaya da ta biyu, me ya raba su?"

Na duba na ce, "Rabin maki, Baffa."

"Rabin maki. To, na ga an ba waccan littafi, na kuma ga uban wannan ya karyo tsumagiya a hanya. In ka sake yi musu jarrabawar gobe, ka tabbata haka za su jeru?"

Na ce ban tabbata ba.

"To me ya hana ka faɗa wa uban?"

Ranar sai da ya raka ni har gidan, na faɗa.

Asalin rigimar Baffa da gari kuwa gasar noma ce. A wancan zamanin hukuma ta ƙirƙiro jera ƙauyukan yankinmu tara bisa yawan amfanin gona. Duk kaka malamin gona zai zo a kan babur, ya bi gida-gida, ya ƙirga dammunan gero da dawa da aka jibge a ƙofar gida kafin a zuba a rumbu. Garin da ya zo na ɗaya ana ba shi buhunan takin zamani da garmar shanu da takardar yabo a cikin gilashi. Shekarar farko muka zo na huɗu, kuma wannan ce kaɗai shekarar da aka ƙirga gaskiya. Amma ba'ar da aka yi mana a kasuwa ta zauna wa mai unguwa na lokacin a maƙogwaro.

Duk manomi ya san dami ba mudu ba ne, kowa da girman ɗaurinsa. Da kaka ta zagayo, mai unguwa ya ce a rage ɗauri, dami biyu su zama uku. Wannan bai ishe shi ba. Aka shirya cewa duk gida na uku za a zaunar da malamin gona a zaure, a kawo fura mai nono, a kawo zabo. Yana ci, jakuna na bi ta burtalin bayan gari da dammunan da ya riga ya ƙirga, suna sauke su a ƙofar gidajen da bai kai ba. Mahaifina ya ba da nasa. Kusan kowa ya ba da. Ni kuma, da yake rubutuna yana da kyau, ni malamin gona ke miƙa wa rajista, yana kira ina rubutawa. Na san ƙarya ce, na kuma rubuta. Sai dai da yamma nakan buɗe littafina na gida in rubuta abin da kowane gida ya noma a haƙiƙa. Ba jarumta ce ta sa ni ba. Tun daga kwaleji hannuna bai iya ganin abu ya wuce ba a rubuta ba.

Baffa ya ƙi ba da dami ko ɗaya, ya kuma ƙi a ajiye na wani a ƙofarsa. Ya ɗauki sandarsa ya bi ayarin masu ƙirga har aka zo wata ƙofa a kudancin gari. Sai ya taɓa wani dami da sanda.

"Malam, ku gaisa mana. Ai kun saba, yau sau uku ke nan kuna haɗuwa."

Malamin gona ya ce, "Ban gane ba, Baba."

"Dubi ƙullin igiyar. Ɗaurin bahago ne. Bahago ɗaya ne a garin nan, ƙanina, ga shi can yana sosa ƙeya."

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Na ɗauka asiri ya gama tonuwa. Amma malamin gona ya yi murmushi, ya goge maiƙon zabo a bakinsa, ya ce, "Baba, ni abin da idona ya gani nake rubutawa." Ya juyo gare ni ya ce in ci gaba. Sai daga baya na fahimci cewa su ma malaman gona jera su ake yi a ofis bisa yawan dammunan garuruwansu. Ƙaryarmu tsaninsa ce.

Muka zo na ɗaya, shekara biyu a jere. Ina so mai karatu ya san abin da takarda guda take iya yi wa mutane. Taki ya zo mana, don haka gonakinmu suka fi na maƙwabta da gaske, aka ce ga shaida. Da aka tashi haƙa rijiyar siminti, a garinmu aka haƙa, alhali muna da huɗu. Maroƙa suka riƙa tarar mutanenmu a bakin kasuwa. Saurayi daga wani ƙauye ya zo neman aure, tambayar farko ita ce, "Garinku na nawa ne?" Mutanen Hayi suka gano dabararmu, suka kwaikwaya, suka zo na biyu, gaba ta shiga tsakaninmu har ba a cin kasuwa a rumfa ɗaya. Mutanen Fadama kuwa, waɗanda al'adarsu ce su ɗaure damin da sai ƙarti biyu ke ɗagawa, kullum su ne na tara. Aka laƙaba musu 'yan wutsiya, har 'ya'yansu a makaranta suna ɓoye sunan garinsu. Shi kuma Baffa aka ce maƙiyin gari ne. Aka daina gaishe shi. Ya kira gayya, ba wanda ya je, ya nome gonarsa shi da 'ya'yansa. Yana noman yana waƙa da ƙarfi don masu wucewa su ji.

Sannan fari ya zo. Ruwa ya ɗauke gero na gab da fitar da kai, shekara ta biyu kuma ta fi ta farko muni. Aka daina gasa, domin babu abin ƙirgawa. Kafin bazara ta tsaya shanu sun mutu, mata suna dafa busasshiyar tafasa da dusa, yara suna lasar garin ɗorawa. Da aka ji hukuma za ta kawo hatsin agaji, gari ya ɗauki murna. Na hau keke na je ƙofar hakimi don in karanta takardar rabo. Na karanta sau biyu. Ba su sake wani bincike ba. Tsohon jerin gasa suka ɗauko suka juya shi: wanda ya fi noma shi ya fi ajiya, don haka shi ne na ƙarshe a buƙata. Fadama ta ɗaya, Hayi ta takwas, mu na tara. Mota ɗaya ce, kuma an faɗa a fili cewa da wuya hatsin ya wuce gari na shida.

A gidanmu abin da ya rage shi ne iri. Baffa da mahaifina sun raba gona tuntuni, amma irin geron da suka gada daga Kaka ɗauri ɗaya ne, zaɓaɓɓun zangarniyoyi, kuma bisa al'adar gidan a ɗakin babba ake rataye shi. Da na kawo labarin, mahaifina ya tara mu ya ce, "In hatsi bai zo ba, za mu daka irin nan mu yi guzuri, mu rufe gida mu nufi kudu." Kowa ya san gidan da ya ci irinsa ya tafi, da wuya ya dawo. Gidaje uku a unguwarmu sun riga sun zama kufai.

Washegari da asuba Baffa ya tsaya a ƙofar ɗakina. "Malam ƙarami, ɗauko littafin nan naka na gida."

"Wane littafi, Baffa?"

"Wanda kake zaton ban san da shi ba."

A gaban hakimi da jami'in rabon agaji da wakilan ƙauyuka, Baffa ya sa na karanta littattafan biyu gida-gida: abin da muka faɗa wa hukuma, da abin da muka noma. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na cancance ta. Da na gama, jami'in, wani mai gilashi da ya zo daga birni, ya ce, "Dattijo, ka zo ka shaida mana garinku maƙaryata ne. Yanzu don me za mu yarda da ku?"

Fuskar Baffa ta washe kamar an yi masa albishir. "Madalla! Kada ku yarda da mu, ranka ya daɗe. Kada ku yarda da kowa. A daina tambaya, a je a duba. A yi ƙuri'a, kowane gari a tura masa mutanen wani gari. A buɗe rumbu, a auna abin da ke ciki da tiya ɗaya, ita za ta zaga gari tara. A ƙirga bakunan da ke ci a gidan. Kada a faɗi ranar zuwa. Mai dubawa ya zo da ruwansa a gora, ko goro kada ya karɓa. In an gama a karanta a kasuwa, wanda yake da ja ya yi ja a gaban jama'a."

Wakilin Fadama, wanda jerin ya yi wa daɗi a karo na farko, ya ce wannan ɓata lokaci ne. Baffa ya juya ya ce, "Kai da ka sha wuyar jerin nan shekara uku, yau don ya juyo gare ka ya zama na gaskiya?" Mutumin ya koma ya zauna. Hakimi ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce a yi, amma cikin kwana biyar.

Muka dawo Baffa na tafe yana taƙama da tsarinsa. Ya zayyana wa Gwaggo, wadda a lokacin mijinta ya rasu, tana sana'ar awo a kasuwa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Yaya, tsarinka rariya ne. Baƙon namiji iyakarsa rumbu, ba ya shiga ɗakin matar wani. Ku kun san rumbu, mu mun san ƙarƙashin gado da cikin randa." Sai Baffa ya doka sanda a ƙasa ya ce, "Wallahi ta kayar da ni!" Ko zama bai yi ba, ya juya ya koma wurin hakimi a ƙafa, aka ƙara cewa kowace tawaga ta tafi da mata biyu manya.

Saura rigima ta biyu. Baffa mutum ne mai ajiye hatsin shekara guda a gaba, kuma yana da wata rufewa, wato rumbun laka, da sauran tsohuwar dawa a ciki. Bayan sallar la'asar mai unguwa da dattawa suka tsayar da shi a ƙofar masallaci. A karo na farko cikin shekaru, da ladabi suka yi masa magana.

"Don Allah ka kwashe dawar nan ka kai jeji, kwana biyar kawai. In aka auna ta, za ta tura mu baya."

Baffa ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Da ƙarya muka hau, yanzu kuma da ƙarya kuke so mu sauka? In na ɓoye tawa, na Hayi ya ɓoye tasa, wa za a gane yana mutuwa?"

Mahaifina ya ce, "Yaya, 'ya'yanmu fa."

"Su ma can 'ya'ya gare su, Bahago."

Ƙuri'a ta kawo mana mutanen wani ƙauye na yamma, suka iso da hantsi ba sanarwa. A wurinmu rumbun magidanci sirrinsa ne, matarsa ma ba ta leƙawa. Jama'a suka yi cirko-cirko, ba mai son a fara da shi. Baffa ya jingina tsani, ya hau rufewarsa, ya ture jinkar ta faɗi ƙasa, ya ɗaga murya ya ce, "Ku zo ku auna, ku cika tiyar sosai!" Aka auna dawarsa a idon kowa. Daga nan aka bi layi. Da aka zo gidan mai unguwa, mai manyan rumbuna uku da aka yi wa sabon yaɓe, aka buɗe na farko babu komai, na biyu babu, na uku sai ƙaiƙayi. Mutumin ya tsaya gumi na zuba, wasu samari suka fara murmushi. Wannan shi ne wanda ya hana a gaishe da Baffa. Baffa ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya ce da ƙarfi, "Ku rubuta babu. Amma ku tambayi zawarawa da marayun garin nan inda hatsinsa ya tafi, domin tun rani nake ganin kwano na fita ta ƙofar baya." Gaskiya ya faɗa, mata suka shaida. Murmushin samarin ya ɗauke.

Gwaggo kuma ƙuri'a ta kai ta Hayi. Ta dawo da yamma ba ta iya cin komai ba. Ta ce ta shiga ɗaki bayan ɗaki, ta tarar da murhun da gizo-gizo ya yi saƙa a kansa.

Ranar kasuwa aka karanta sabon jeri. Hayi ta ɗaya a buƙata. Wani ƙauye na arewa na biyu. Mu na uku. Fadama, mai manyan dammuna da lambuna, ta tara, kuma wakilinta bai yi ja ba. Daga na tara zuwa na uku! Mutanenmu suka yi kabbara, aka ɗaga Baffa sama yana zillo yana cewa a sauke shi. Amma kafin mu kai gida wasu sun lissafa cewa da ba don dawarsa ba da mu ne na biyu. Na duba takarda, lissafinsu daidai ne.

Hanyar Hayi ta gaban garinmu ta bi. Ranar da motar ta zo da lodin farko, tana shiga rafi, wanda ya bushe ƙurmus, sai ta kafe a yashi. Direba ya taka, ƙafafun suka ƙara nutsewa. Cikin ɗan lokaci gari duka ya fito. Babbar mota maƙil da buhuna, a ƙofarmu, ba ɗan sanda ko ɗaya, ga mutanen da suka yi makonni ba su ƙoshi ba. Aka kewaye ta. Wani ya ce, "Allah ne Ya tsayar da ita a nan." Wani ya kama igiyar tamfol. Direban ya kulle kansa a ciki yana salati.

Sai ga Baffa da fartanya a kafaɗa da ƙunshin kara a ka. Ya ratsa jama'a bai kalli kowa ba, ya durƙusa ya yi ta tone yashin gaban ƙafar baya, ya shimfiɗa karan. Ya tuɓe riga, ya sa kafaɗa a bayan motar, ya ƙwalla wa direba kira, "Taka, ɗan nan!" Mutum ɗaya da babbar mota. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sake yunƙurawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ƙafarsa ta zame ya faɗi a gwiwa, ya tashi ya koma. Wanda ya fara bin sa shi ne mai unguwa. Ya cire rawani ya miƙa wa na kusa da shi, ya sa kafaɗa. Sai Liman. Sai ni. Sai aka ji Gwaggo tana cewa, "Sauran ku mata ne? To ku matsa mu tura!" Maza suka afka kamar an kora su. Wanda ya kama igiyar tamfol ma ya sake ta ya zo. Baffa na ba da baki ana amsawa, yashi na tashi, motar ta yi ƙugi, ta girgiza, ta haye. Muka tsaya muna haki, muna kallon abincin yana tafiya wurin mutanen da ba ma zama rumfa ɗaya da su. Baffa ya kakkaɓe gwiwarsa ya ce, "Kai, ashe da sauran ƙarfinku!"

A yammacin ranar ya buɗe rufewarsa ya ce Gwaggo ta raba dawar gida-gida bisa yawan bakuna, shi ma a ba shi kaso kamar kowa. Mun yi zaton za ta kai mu. Ba ta kai ba. Mota ɗaya ce, ga nisa, ga lalacewa a hanya. Dawar ta ƙare, muka yi kwana biyu a kan tafasa da ruwan zafi, mota shiru. Hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas.

A safiya ta uku mahaifina ya shiga ɗakin Baffa ya sauko da ɗaurin iri. Baffa ya tare shi a tsakar gida, ya kama ɗaya gefen. Magidanta biyu masu furfura a gemu suka tsaya suna jan dami ɗaya a gaban matansu da 'ya'yansu.

"Saki, Yaya! Rabi nawa ne!"

"Rabi naka ne ranar shuka."

"Kai ka tura abincin 'ya'yana Hayi da kafaɗarka!"

"Na tura. Ka ba ni yau da gobe. In ba ta zo ba, ni zan daka maka da hannuna, in raka ka tasha."

Mahaifina ya ƙi saki. Baffa ya yi wata dabara irin ta 'yan kokawa, ya fizge ɗaurin, ya ajiye shi a bakin ƙofarsa, ya zauna daf da shi ya miƙe ƙafafu a kai. Haka ya wuni, nan ya yi sallolinsa. Mahaifina ya rantse ba zai sake yi masa magana ba.

Motar ta zo washegari bayan azahar. Ba zan iya kwatanta gudun da aka yi ba. Turame suka tashi a kowane gida lokaci guda, hayaƙi ya rufe gari, tsofaffi na guɗa, yara na bin direba suna yi masa kirari. Hatsin bai wadata ba, amma ya isa a rayu. Ba a rufe gidanmu ba, ba a kuma taɓa zangarniya ɗaya ba. Sai dai mahaifina ya riƙe rantsuwarsa. In sun haɗu a zaure sai ya kau da kai.

Kwana shida bayan haka ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye aka sussuke irin, kowa ya fita. Ba a yi shawara ba, amma gonar mahaifina aka fara nufa. Baffa ya shiga gaba da sungumi yana saran rami, mahaifina na biye da ƙoƙon iri yana zubawa yana takewa da diddige, mu muna bayansu. Baffa na tafiya kamar saurayi, sara bayan sara, har tazara ta buɗe tsakaninsu. Mahaifina ya yi ta ƙoƙarin cim masa a shiru. Layi na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu ya tsaya ya riƙe ƙugu yana haki.

"Yaya, rage sauri mana. Ai ba gasa muke ba."

Baffa bai ko waiwayo ba. "Gasa muke, Bahago, da danshin ƙasar nan, kuma rana ta fito! Zubo iri!"

Mahaifina ya fashe da dariya, ya sunkuya ya bi shi. Liman ya ce mahaifina ya yi azumi uku na kaffarar rantsuwarsa, ya yi su bayan an gama shuka.

Ya Allah, Ka sanyaya wa Baffa makwancinsa kamar yadda ƙasar nan ta yi sanyi a tafin ƙafarmu a waccan safiya. Ka gafarta masa, Ka gafarta wa ƙaninsa da ya riga shi, Ka haɗa su a gidan da ba a yunwa.